Kwanon da Baba Isa Bai Buɗe Ba

Talata Mafara

Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, yaya iyali, yaya zaman Fatakwal? Ƙafar Hajara ta yi sauƙi? Mu nan lafiya lau, Inna ma jiki da dama.

An tayar da katangar ɗakin marigayi Baba da ruwan bana ya kayar. Baba Isa magini na Janbako ne ya yi aikin, shi da ya gina ta tun muna yara. Ya tsufa ƙwarai.

Ranar farko na yi abin kunya. Da azahar na kai masa tuwo zaure, na ajiye masa na goro a gefe, na koma shago. A ganina na fita hakkinsa. Da na dawo bayan la'asar, sai na tarar da kwanon a rufe, shi kuwa yana kan aiki.

Na ce, "Baba Isa, ko miyar ce ba ta yi ba?"

Ya ce, "A'a, ɗana. Mahaifinku bai taɓa barina na sa hannu ni kaɗai a gidan nan ba. Na ɗauka kana tafe."

Na ɗebo ruwa muka wanke hannu, muka ci tuwon da sanyinsa.

Ka gaishe da Hajara da yara. Inna tana gaishe ku. Ka sa ni a addu'a, Yaya. Gidan Baba na riƙe, amma halinsa ban riƙe ba tukuna.

Ƙaninka,
Lawali