Na Danne Saƙon Sabi'u, Na Hau Kujerarsa

Assalamu alaikum Admin, da ku 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi, Allah ya sa kuna lafiya. Don girman Allah a ɓoye sunana. Wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, na san na ci zagi, ni ma kullum ina zagin kaina. Shawara nake nema, kuma kafin Juma'ar nan nake buƙatarta.

Ni direba ne a Doha, na daɗe a nan, ɗakinmu yana Al Rayyan. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci muna haɗuwa a gidan wani babba namu a Nu'aija, kowa Injiniya yake ce masa. Falonsa shi ne majalisarmu: likitoci, masu gadi, direbobi, duk a kafet ɗaya ana shan shayin karak, kuma abin da ya haɗa mu shi ne wata ƙungiyar ƙwallo ta Turai da muke mutuwar so. Ba zan faɗi sunanta ba, don na san halinku, sai ku bar matsalata ku koma yi min zolaya a kan kofin da muka rasa. A titi ni ba kowa ba ne, wanda ake ce wa "yalla, yalla" ne, wato yi sauri, tun safe har yamma. Amma a falon Injiniya sunana Koci. In na gyara murya zan yi sharhi, har likita ajiye kofinsa yake. Wallahi wannan shirun da ake yi min shi ne kaɗai abin da nake taƙama da shi a ƙasar nan.

Sai ga Sabi'u, ba sunansa na gaskiya ba ne. Ɗan unguwarmu ne a gida, ƙanin abokina. Ranar da zai taso mahaifiyarsa ta kira ni ta ce, "Ga ƙanenka nan, amana na ba ka." Ni na tarbe shi, ni na nema masa gado a ɗakinmu, gadon mai hawa biyu ne, a saman nawa yake kwana. Yana aikin ɗaukar kaya a filin jirgin Hamad. Tun a gida an san shi, in murya ta ɗauke a gidan kallo shi ke miƙewa ya yi sharhin wasan da Hausa, mutane suna cewa kada a gyara. Na san da haka, kuma ni da ƙafata na kai shi majalisa ina alfahari. Wa ya aike ni?

Lokacin kakar wasa ta ƙare, zafi ya sauko irin wanda ko ƙofar mota ba ka iya taɓawa, babu wasa, babu fita, sai gardamar wa za a saya wa za a sallama. Na miƙe zaune na yi bayanina kamar kullum. Na ce matsalarmu lamba tara ce, a kawo mana mai zura ƙwallo, khalas, magana ta ƙare. Kowa ya gyaɗa kai. Sai na ji murya daga bakin ƙofa: "Yaya Koci, a yi min afuwa, ni dai ina ganin ba gaba ce ke ciwo ba, baya ce." Ya jawo farantin dabino, ya jera guda huɗu a kan kafet. Ya ce, "Ga masu tsaron bayanmu. Wannan na gefen dama shi ne lamba biyu. Da mun samu ƙwallo sai ya ruga gaba kamar an kira shi ɗaurin aure." Ya ɗauki dabinon ya jefa a baki ya tauna. "To ga shi nan, ya tafi bai dawo ba. Lamba biyar dole ya bar wurinsa ya zo toshe gefen, tsakiya ta buɗe, gola ya rage shi kaɗai da Allahnsa. Ku tuna ƙwallayen da aka ci mu, ta ina suka biyo? Ko aljani kuka saya a gaba, in ya ci biyu za a rama uku. A samo lamba biyu mai zaman gida."

Falon ya kece da dariya. Wani likita har da buga cinya yana cewa, "Wallahi gaskiya ne, ta nan ake shigo mana!" Injiniya ya ce, "Maimaita, maimaita," ya tura masa wani dabinon. Ni ma na yi dariya, ta saman leɓe. Abin da ya fi ƙona ni shi ne gaskiya ya faɗa, kuma na kalli wasannin nan duka, ban taɓa gani ba. Ni da ake ce wa Koci! Da muka fito yana ta murna yana cewa, "Yaya, mutanen nan suna da kirki," ni ko kallonsa ban yi ba, na ce kaina ke ciwo.

Daga nan aka canza masa duti, Juma'a ta zama ranar aikinsa, ya daina zuwa majalisa. Kada in ɓoye muku, na ji daɗi. Na ce falo ya dawo hannun mai shi. Ashe ba a manta da shi ba. In na yi sharhi sai wani ya ce, "Ko me Mai Dabino zai ce a nan?" Har suna sun raɗa masa. Rannan ana watsewa Injiniya ya riƙe ni a bakin ƙofa, ya ce zai fara wani ɗan shiri na bidiyo da Hausa, a nan falonsa, a riƙa sa wa a intanet, a kan abin da ƙungiyarmu ke buƙata kafin a rufe kasuwar 'yan wasa, in ya karɓu a ci gaba har cikin kaka. Mutum ɗaya yake so ya zauna kusa da shi. Na cika da murna, na ɗauka ni ne. Sai ya ce, "Koci, kai kana da baki, amma ƙanen nan naka yana da ido. Ina da lambarsa, sai dai kai ka kawo shi, kai ne mai masaukinsa, ba zan tsallake ka ba. Ka kai masa saƙona. A ranar hutunsa ma za mu iya ɗauka." Kun ji? Mutunci ya yi min, irin namu na gida, da ba a neman mutum sai ta hannun wanda ya kawo shi. Wannan mutuncin na ɗauka na yanka yaron mutane da shi.

Na tuƙo mota ina maimaita "kana da baki, yana da ido", kamar an kunna min kaset. Shekarun da na yi ina zama a falon nan, ashe baki kawai ake gani? Na shiga ɗaki na tarar da shi yana goge yunifom, ya ce, "Yaya, ya majalisa? An tambaye ni?" Na ce, "Wa zai tambaye ka?" cikin wasa na faɗa, ya yi dariya. Saƙon yana bakina, na haɗiye shi. Na ce gobe zan faɗa. Goben ta zo ta wuce.

Da Juma'a ta zagayo Injiniya ya tambaye ni. Na yi niyyar in ce wurin aikinsa ne suka hana, ƙarya mai sauƙi wadda ba ta ɓata kowa. Amma da na ga yadda fuskarsa ke ɗoki, sai wani abu ya taso min, na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, na yi iya yina. Ya ce shi ya wuce shirin 'yan majalisa, in zai yi sharhi a babbar tasha zai yi." Injiniya ya ce, "Haka ya ce? Daga zuwansa?" Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya a madadinsa. Ya ce, "To khalas. Kai ka zo ka zauna." Innalillahi. Yaron da ko zama ba ya yi sai ya gaida kowa a falon, na maƙala masa girman kai a gaban manya.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Ana gobe za a ɗauki shirin na zauna na duba abin da zan faɗa, na ga babu komai sai lamba tara, lamba tara. Sai na jira ya dawo daga aiki da yamma, na saya masa shayi, na ce, "Sabi'u, in kai ne mai ƙungiyar nan, ya za ka yi da kasuwar bana?" Bawan Allah ya zazzage min komai. Lamba biyu mai zaman gida shi ne farko. A sallami tsohon lamba huɗun nan da gudu ya ƙare masa. A dawo da matashin da aka bayar aro, ya zauna benci a bayan lamba shida. A nemo gola na biyu mai hankali. Lamba tara kuwa a bar shi, in baya ta gyaru zai ci. Na kwashe tas. Washegari na zauna a kujerarsa, a gaban kyamara, na jawo farantin dabino, na jera huɗu, na ɗauki na dama na jefa a baki na ce, "Ya tafi bai dawo ba." Injiniya ya kalle ni ta gefen ido, ya san mai dabinon, amma da yake yana jin haushin yaron, sai ya bar ni na ci gaba.

Shirin ya zagaya. Ba a jima ba kuma ƙungiyar ta sanar ta sayi lamba biyu, daidai irin wanda aka kwatanta, mai zaman gida. Saƙonni suka yi ta shigowa har daga gida: Koci ya hango, Koci ya fi masu ƙungiyar. Abin da na yi shekaru ina so ke nan, ya zo, amma ko kaɗan ban ji daɗinsa ba, don duk yabon da aka yi min na san adireshin da ya kamata ya je.

Na ɗauka in Sabi'u ya gani za mu yi ta. Har na shirya abin da zan kare kaina da shi. Ya shigo ɗaki da waya a hannu yana washe baki: "Yaya! Dabinona ya shiga intanet!" Na ce, "Ba ka ji haushi ba?" Ya ce, "Haushin me? Maganata a bakinka ai ta fi kyau. Ni wa zai kira ni? Kai ka daɗe, kai aka sani. Ni dai in Allah ya yi, wata rana ka ce su bar ni in riƙe muku faranti." Ya tura wa mahaifiyarsa bidiyon, ta aiko min da saƙon murya tana sa min albarka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma ga abin da ya sa na ce ku daure da ni: ko a lokacin hassadar ba ta sake ni ba. Ina kallonsa ina cewa, wato ido ya fi ni, zuciya ma ya fi ni? Me ya rage min? Wane irin ciwo ne wannan, jama'a? Ina sallah, ina roƙon Allah ya cire min, amma da na ji ya fara maganar ƙwallo sai ƙirjina ya ɗau zafi.

To ramin ƙarya ƙurarre ne. An mayar masa da hutunsa Juma'a, wannan Juma'ar zai koma majalisa. Shekaranjiya ya zauna a bakin gadona ya ce, "Yaya, ko na yi wa Injiniya laifi ne? Ina gaishe shi a waya, da yana amsawa da fara'a, yanzu sai ya karanta ya yi shiru. Likita ma na haɗu da shi a masallaci, ya sha min toka." Na ce wataƙila aiki ne ya yi musu yawa. Ya girgiza kai. Jiya sai ga shi da kwalin dabino mai kyau, ya ɗora a kan lokarmu. Ya ce, "Zan kai masa. Ban san me na yi ba, amma babba ba ya fushi a banza. Kai ka kawo ni, kai za ka shige min gaba ka ba shi haƙuri a madadina."

Kun ga inda na tsaya. In na shige masa gaba, Injiniya zai ce, "Kai ne ka wuce shirin 'yan majalisa?" a gaban kowa, yaron ya juyo ya kalle ni. In na riga su na je na faɗa wa Injiniya gaskiya, kujera ta tafi, sunan Koci ya tafi, kuma ban san da wace fuska zan ƙara shiga falon da shi kaɗai ne wurin da ake ganina mutum ba. In na faɗa wa Sabi'u, a saman kaina yake kwana, kuma maganar za ta kai kunnen matar da ta ce amana ta ba ni. Shaiɗan har yana raɗa min in ce masa an ɗage majalisar, in ƙara sati guda. Har yaushe? Sati nawa zan ƙara?

Na san kujerar tasa ce. Na sani sarai. Amma wallahi ko yanzu da nake rubuta muku, in na hango shi zaune a kanta ana dariyar dabinonsa, zuciyata tafasa take. Kwalin yana nan a kan loka ina kallonsa, shi kuma yana can wurin aiki ya yarda cewa yayansa zai wanke shi. Wa zan fara tunkara, shi ko Injiniya? Don Allah ku faɗa min, me zan yi?