Saniyar da Hajiya Ta Bari

Daren Laraba, unguwar Nima.

Yau na hau trotro, motar haya, na je garke, na dawo zuciyata a ɓace. Maraƙin saniyar da matata marigayiya Hajiya ta bari ya cika wata biyar, amma ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, sa'o'insa duk sun yi masa nisa.

Laifina ne. Ni na nace a haɗa ta da bijimin Gudali tun tana karsana, don kwaɗayin babban sa wanda zan yi layya da shi in kai wa Hajiya ladan. Bello makiyayi ya gargaɗe ni cewa ƙugunta matsattse ne, ban saurara ba. Ta yini ta kwana tana naƙuda, da igiya aka jawo ɗan. Saboda wahala ta hana shi dakashi, har yau kuma nononta bai taka kara ya karya ba.

Bello ya ce, "Baba Alhaji, haihuwa ta gaba ajalinta ce. Ka kai ta kwata tun da sauran nama a jikinta."

Shekaru arba'in na yi ina fawa. Na amince. Sai dai na roƙe shi ya nemi wani mahaucin, kada kuma ya faɗa mini ranar.