Gidan da na saya a Amurka da sunan ƙanena

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan fili da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Roƙona ɗaya, a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi, shawara nake nema.

Ni 'yar Kano ce, na haura shekara arba'in, ina aikin ba da magani a wani asibiti a nan Madina, muna zaune a unguwar Jurf da maigidana da yaranmu. A gida da an ce Madina sai a ce ai wance ta huta, kamar riyal ake shara a bakin titi. Babu mai tambayar yadda muke. Shekara da shekaru ina biyan haya, ba ni da ko bulo ɗaya a garin nan, kuma ba zan taɓa samu ba, don baƙo ba ya mallakar gida a Madina. Iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, tana rataye da aikinka, ranar da aka ce halas, aiki ya ƙare, ka tattara ka nufi filin jirgi. Na taɓa tura kuɗi Kano a saya mini fili, 'yan'uwa suka yi ta kai ni suna kawo ni, ƙarshe ya zama filin mutum uku aka sayar wa. Yarana kuwa in ka yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, ban san inda zan kai su ba in aka sallame ni. Ba don in wanke kaina nake faɗin wannan ba, don ku san daga inda tsoron ya faro ne.

Ina da ƙane, zan kira shi Nura, shi ne autanmu. Ya ci cacar bizar Amurka, ni na biya masa kuɗin jirgi, ni na riƙe shi har ya tsaya da ƙafarsa. Yana aiki a gidan kula da tsofaffi, da daddare ya ɗan ja tasi. Yaro ne mai tsoron bashi, ko naira biyar ba ya son a bi shi, saboda haka sunansa fes yake a wurin bankunan can. Lokacin da gidaje ke ta tashi a Amurka, wani ɗan garinmu mai dillancin gidaje a can, Malam Sabo, ya zo Umara ya sauka a wurinmu. Shi ya buɗe mini ido. Ya ce in na ba da kafin alƙalami, banki zai biya sauran, a zuba 'yan haya su riƙa biyan bashin, bayan 'yan shekaru gida ya ninka kuɗinsa. Matsala ɗaya, sai da sunan mazaunin ƙasar. Na kira Nura. Ya ce, "Yaya, bashi da ruwa ne fa." Na ce na tambayi malami a Harami, babban masallacin Madina, ya ce larura ce. Ban tambayi kowa ba. Da na ji yana jan ƙafa sai na ce, "Da zan biya maka kuɗin jirgi ban tsaya neman fatawa ba." Washegari ya kira ya ce ya amince.

Da farko shi da matarsa suka zauna a gidan, yana biyan rabi ina tura rabi. Bayan kamar shekara Malam Sabo ya ce mini ana asara, in aka ba da gidan gaba ɗaya ga masu iyali, hayar za ta biya banki har a samu rara. Na ce wa Nura su tashi. Ya ce, "Yaya, tana da ciki, a bari ta haihu mana." Na ce cikin ba a ka take ɗauke da shi ba. Haka na faɗa, da bakina. Suka koma wani ɗan ƙaramin ɗaki a wata unguwa mai nisa, aka mayar da duk takardun banki ofishin Malam Sabo, shi ke karɓar haya, ya biya banki, ya turo mini abin da ya ragu.

Sai kamfanin da maigidana ke wa aiki a filin jirgi ya rasa kwangila, aka sallame su. Neman sabon kafili, wato wanda zai tsaya masa, da mayar da iƙama ya ci kuɗi, ga makarantar yara, ga haya, duk a kan albashina. Na kira Malam Sabo na ce wata biyu kawai ya turo mini hayar gaba ɗaya, zan cike wa banki daga baya. Ya ce, "Hajiya, bankunan nan ba sa wasa." Na ce gidan waye? Ya turo. Da a nan na tsaya da ina da bakin magana. Amma maigida ya samu aiki, ban daina ba. Kuɗin ya yi mini daɗi. A shekarar na kawo mahaifiyarmu aikin Hajji, na sauke ta a gidana, na kai ta kasuwa na saya mata gwal, na saya wa kaina, na cika mata jakunkuna da tsaraba don kada a ce ta je wurin 'yarta ta dawo hannu biyu. Ranar da zan raka ta filin jirgi ta riƙe hannuna tana kuka tana cewa, "Duk cikin 'ya'yana ke ce kika share mini hawaye." Na karɓi addu'ar, na ce amin. Kuna tsammanin ta tambaye ni daga ina kuɗin ya fito? Akwai wanda ya taɓa tambaya? Ina ce a ransu ni rijiya ce, a jefa guga kawai a ja.

Ina ta cewa wata mai zuwa zan biya, ashe bashin irin wanda ruwansa ke tashi ne bayan wasu shekaru. Kuɗin wata ya yi tsalle, tara ta hau kan tara, sai kuma kasuwar gidaje ta rushe a Amurka gaba ɗaya. Gidan da na ɗauka zai ninka ya koma bai kai bashin da ke kansa ba. Nura bai san komai ba sai da ya je neman bashin mota, tasa ta mutu, aka ce masa sunansa ya ɓaci. Ya kira ni yana tambayar abin da ya faru. Ina wurin aiki, na shiga ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa, na ce masa 'yan hayar ne suka daina biya, sun rasa aiki, na ɓoye masa ne don kada hankalinsa ya tashi. Lokacin kowa na rasa aiki a can, wa zai yi musu? Na kira Malam Sabo na roƙe shi ya tsaya a kan maganar. Ya ce shi dai ba zai ce komai ba.

Aka sallami 'yan hayar. Nura ya yi wata da watanni yana zarya tsakaninsa da banki, yana barin aiki, har suka yarda da wani tsari da suke yi wa waɗanda bashi ya fi ƙarfinsu: a sayar da gidan a yadda kasuwa ta ba da, ko da bai kai bashin ba, banki ya karɓi abin da aka samu ya yafe ragowar. Aka sayar. Ranar ya kira ni, na ɗauka zai yi faɗa, sai na ji yana cewa, "Yaya, ki yafe mini. Guminki ne na shekaru, kin ba ni amana ban sa ido ba. Da na riƙa leƙawa da ba a kai haka ba." Kun san me na ce? Na ce, "Ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ni ce na yafe masa. Na ajiye waya na koma ina ƙirga wa mutane ƙwayoyi, kamar babu abin da ya faru, kuma wannan shi ya fi ba ni tsoro game da kaina.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe a ƙasar nan tasu, abin da banki ya yafe maka ana lissafa shi kamar kuɗi ne ka samu, sai ka biya haraji a kai. Mutum ya rasa gida, ya rasa suna, sannan a ce ya ci riba! Wace irin ƙasa ce wannan? Nura ya je wurin mai lissafin haraji, aka ce masa gwamnati ta yi sassauci saboda yawan mutanen da abin ya shafa, an ɗauke musu wannan harajin, amma ga wanda gidan nan ne mazauninsa. Wanda ya zuba 'yan haya ba ya ciki. Da na bar shi a gidan, da matarsa da cikinta, da yau ko sisi ba a bin sa. Akwai wata ƙofar ga wanda ya tsiyace ƙarƙaf, ita ma ba ta buɗe masa duka ba, saboda ɗan abin da ya yi shekaru yana tarawa na tsufa da na karatun 'yarsa. Wato tattalinsa ma ya zama laifi. Abin da ake nema a wurinsa ya kusa cinye duk abin da ya tara.

Ya faɗa mini wani ya ba shi shawara ya rubuta cewa a gidan yake zaune, wai mutane sun yi yawa ba za a bincika ba, amma in aka kama shi zai iya rasa takardun zama. Na ce, "To ka rubuta mana, wa zai sani?" Ya ce, "Yaya, ke da kike Madina?" Da za mu yi sallama ya ce in na shiga Rauda, wurin addu'a na cikin Harami, in sa shi a addu'a. Tun ranar ban shiga ba. Ina zuwa Harami in yi sallah a farfajiya in juyo.

Mahaifiyarmu kuwa labari ya kai mata a karkace. Abin da ta sani shi ne Nura ya ci bashi da ruwa ya jawo wa yayarsa asara. Ta kira shi ta wanke shi tas, ta ce ya je ƙasar da ba a tsoron Allah ya koyi halinsu, ya dubi yayarsa ya yi koyi. Bai ce mata ni na sa shi ba. Da na ce mata ta sassauta masa, cewa ta yi, "Ke dai kin cika haƙuri." Wani lokaci har haushinta nake ji, ina jin haushin Nura ma, don me ba zai yi zargina ba ko sau ɗaya? Don me zai bar ni da wannan kayan ni kaɗai? Na san ba shi da laifi, amma haka nake ji, kuma na ce ba zan ɓoye muku komai ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, kwanan baya matar Nura ta haɗu da matar da ta yi haya a gidan a wani kanti. A cikin gaisuwa ta yi mata jajen rashin aiki, matar ta ce wane rashin aiki? Su ba su taɓa fashin biya ba har ranar da aka ce su tashi, kuma suna da shaida. Nura ya kira ni, ban taɓa jin sa cikin irin wannan fushin ba. Ya ce, "Yaya, Malam Sabo ne ya cinye mu. Ya yi miki ƙarya, ya yi mini. Wallahi sai na kai shi gaban hukuma, kuma sai na tona shi a gaban jama'armu a masallaci." Ya ce in turo masa duk abin da ke hannuna. Har yanzu bai kawo ni a ransa ba. Na ce ya bari in duba.

Kwana biyu bayan nan Malam Sabo ya kira. Ko gaisuwa bai tsaya yi sosai ba. Ya ce, "Hajiya, na yi shiru ne don ina ganin girmanki, kuma ni ma da nawa laifin da na biye miki. Amma ina da iyali, da sunana nake cin abinci a garin nan. Duk abin da na turo miki akwai shaidarsa. Ki faɗa masa da bakinki kafin ƙarshen wata, in ba haka ba ni zan faɗa." Na yi wa maigidana bayani, shi da ya san rabi kawai. Ya ce in lallaɓa Malam Sabo da kuɗi, in tura wa Nura wani abu da sunan taimako, magana ta mutu, don in ta fito har shi za a zaga a ce ya ci. Kowa kansa yake karewa.

Na auna abin da nake da shi. In na sayar da gwal ɗina na karɓi bashi a wurin aiki, zan iya biyan fiye da rabin harajin. Kuɗin ba shi ne ya fi damuna ba. Yaya zan buɗe baki in ce wa yaron da ya nemi gafarata ni ce ɓarauniyar? In ya yafe, matarsa da na kora da ciki za ta yafe? Mahaifiyarmu tana da hawan jini, kuma Hajjin nan shi ne abin alfaharinta a duniya, kullum sai ta ba da labarinsa. In ta ji da wane kuɗi ta je, me zai same ta? Masu ilimi a cikinku su faɗa mini, Hajjinta yana nan ko na ɓata mata? Shin zan iya faɗa wa Nura in roƙe shi ya ɓoye mata, alhali ita tana can tana kallonsa a matsayin wanda ya ɓata? Ko in faɗa musu gaba ɗaya in rasa su gaba ɗaya?

Wata ya kusa ƙarewa, Nura ya sake kira jiya ban ɗauka ba. Don Allah, ku da ba ku san ni ba, me zan yi?