Wasan da ya jawo wa Bulus duka

Talata, bayan Isha'i

Bulus mai gyaran waya a Tunga ne ya koya mini haɗa 'yan na'urorin nan da ake jona ɗaya jikin ɗaya. Ban yi boko ba, hoton haɗin da masu abin suka saki kyauta nake bi. Na jona mai jin motsi da 'yar lasifika, na sa mata haushin kare, na ɓoye a ƙarƙashin bencin Audu mai shayi, wai in ga tsohon ya yi tsalle. Ashe batir ya yi sanyi. Kare bai yi haushi ba, sai wayoyi da jar fitila tana ƙiftawa. Wani ya leƙa, ya kurma ihu, "Bam!"

Bulus ya taho a guje. "Ku tsaya, kayan shagona ne!" Mutane suka rufe shi da gora da duwatsu. Haƙoransa biyu a ƙasa, jini har ƙirji. Suna ta tambayarsa, "Uban wa ya ajiye?" Ya kalle ni, bai kira sunana ba. Ni ma ban fito na ce ni ne ba.

Ɗazu matarsa ta kawo mini makullin shagon daga asibiti. Wai ya ce ni kaɗai ya yarda da shi.