Wurin Jan Baƙi

Bobiel, Yamai
20 ga Sha'aban

Yaya Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida da yara. Ina gajiyar Damagaram? Na rubuto ne don in na ɗauki talho zan yi ta ɗaga murya.

Yaya, Baba ya cire ni daga jan baƙi. Shekara goma sha biyu, duk azumi bayan la'asar, ni ke zama damansa a masallacin unguwa, in jawo aya shi ya yi tafsiri. Jiya ya ce bana ƙanenmu Huzaifa ne zai zauna. Huzaifa fa. Yaron da ni na riƙe hannunsa ya rubuta allon farko, wanda har yau bai haddace izu ashirin ba, sai ya duba takarda. Muryarsa kamar ƙofar langa-langa. Ya ja aya guda ya yi shiru sai ka ce ya manta. Don ya yi jami'a a Lamorde shi ke nan ya fi ni?

Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake, ko abinci ba na iya ci tare da shi. Ke ce babba, kuma tun rasuwar Inna Baba maganarki kawai yake ji. Ki roƙe shi ya maido mini wurina kafin a ga wata.

Ƙanenki,
Mijinyawa

Damagaram
25 ga Sha'aban

Alaramma Mijinyawa,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya. Takardarka ta iso, har zafi take a hannu.

Na kira Baba. Bai ce muryarka ta lalace ba, bai ce ka taɓa kuskuren harafi ba. Cewa ya yi: "Tambaye shi, bara, ran sha bakwai ga azumi, wace aya ya jawo na kasa magana?" Ya ce in ka kawo amsa ya saurare ka.

To ga shi nan. Ni dai na san halinka, karatu kake sai ka ce motar haya za ta tashi ta bar ka a tasha, idonka na kan masu ɗaukar murya. Kuma ka ci abinci da ƙanenka. Hassada ga mai rabo taki ce, kai kake ramewa.

Yayarki mai faɗa maka gaskiya,
Sa'adatu

Bobiel
3 ga Ramadan

Yaya,

Sallama da gaisuwar shan ruwa. Kin rubuta "yayarki", sai ka ce mace kike wa wasiƙa. Na yafe, na san hankalinki na kan yi mini faɗa.

Ban tuna ranar ba. Sai da na nemo wani mai shago da ya ɗauki tafsirin bara a talhonsa. Ayar nan ce da ke maganar uwa, yadda take ɗaukar ciki da wahala a kan wahala, ta kuma shayar. Na jawo ta, Baba ya yi shiru. Na zaci bai ji ba, na maimaita, har da ƙara jan murya, mutane na kabbara. Ya sake yin shiru. Sai aka ji ni ina cewa, "Malam, lokaci na tafiya," na wuce aya ta gaba. A bayan muryata ana jin wani na shessheƙa. Mai shagon ya ce Huzaifa ne. Ran nan Inna ba ta cika wata biyu a kabari ba.

Na san fassararta, Yaya, tun ina yaro. Ban dai yi tunanin Inna ba ko sau ɗaya.

Kada ki zaci na huce. Kwana uku ke nan ina zama sahun ƙarshe. Jiya Huzaifa ya tsallake kalma, na gyara masa da ƙarfi don kowa ya ji. Ya ce, "Na gode, Yaya," ya koma baya ya karanta daidai. Wallahi da ya yi fushi da na fi jin daɗi.

Gobe zan kai wa Baba amsarsa.

Mijinyawa

Bobiel
9 ga Ramadan

Yaya Sa'adatu,

Ina gaisuwa.

Na je. Baba ya ce in karanta masa ayar. Na fara, na kai wurin ɗaukar cikin, murya ta ƙi fita. Bai taɓa faruwa da ni ba. Muka zauna haka har aka kira magariba. Ya miƙo mini dabino ya ce, "Wannan ne karatunka na farko da na ji."

Wurin na Huzaifa ne bana, baɗi kuma Baba bai yi alkawari ba. An ce in zauna bayan Huzaifa ina gyara masa a hankali. Ina yi. Har yanzu in mutane suka yi tsit suna sauraronsa, ƙirjina na suya.

Abu guda nake so. Kina da shekara tara aka haife ni, kin ga komai. Ki rubuto mini, kada ki rage: Inna ta sha wuya da cikina?

Ƙanenki,
Mijinyawa