Ni Ma Ina da Labarin Tarakta

Yaya Bilyamin,

Gaisuwa daga Riyad. Ya Inna da mutanen garinmu Suki? Ni lafiya lau, ɗan targaɗen wuya ne kawai.

Wa ya aike ka ka nuna wa Inna bidiyona ina juya mota cikin hayaƙi, har ka ce mata shaye-shaye nake? Ga shi ta daina cin abinci. Wasa ne, tafhiɗ ake ce masa. Da hannuna na gyara motar, wata takwas ina koyo. Ni da gangan nake zamewa.

Kai fa? A miƙaƙƙiyar hanya ka kifar da taraktar Baba cikin tur'ar ban-ruwan gona, na rufa maka asiri. Je ka gyara maganarka kafin Juma'a, in ba haka ba ni ma bakina zai zame.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙaninka,
Sadisu