Baftismar Doyle ta Biyu

Ephraim, Utah
Afrilu, 1987

Zuwa ga Yaya Imogene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Ƙanƙara ta narke, ɗanki Rulon ya kawo sababbin 'yan tsakin talo-talo, gona ta cika da hayaniya.

Yaya, ƙaninki Doyle ya cika shekara da rasuwa, kuma akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina. A wurinmu 'yan Momon, idan mutum ya rasu bai shiga ikilisiyarmu ba, ana iya yi masa baftisma a haikali, wani mai rai ya shiga ruwa a madadinsa. Rulon ya ce shi zai shigar wa babansa. Daga nan sai a ɗaura mana aure na har abada, ni da Doyle, don kada kabari ya zama iyakar aurenmu. Ba dole ake yi wa mamaci ba. In ya so ya karɓa, in bai so ba ya ƙi.

Bishof ya ce tunda ni ce matarsa, ba sai na nemi izinin kowa ba. Amma ke kika rene shi bayan rasuwar mahaifiyarku. Ba zan yi a bayan idonki ba.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Verla

Antlers, Oklahoma
Mayu

Verla,

Na gode da gaisuwa. Gwiwa tana nan tana mulkinta.

Amsata a'a ce. Doyle yana da shekara goma sha biyu aka yi masa baftisma a rafin bayan cocinmu na Baftis. Ina bakin ruwa riƙe da takalmansa. Ya fito yana karkarwa yana kuka, ya ce, "Yaya, na ji kamar an sauke min dutse." Wannan ba ta yi ba ne, sai an sake?

Shekara arba'in yana zaune a tsakiyarku. Samarin nan naku masu fararen riguna sun cinye masa abinci iya cinyewa suna yi masa wa'azi, bai shiga ba. Ya gyara muku rufin majami'a, ya kai yara duk Lahadi, ya jira su a mota. Yanzu da bakinsa ya rufe ne za a amsa masa?

Kuma kin san abin da ke tsakaninmu ba ƙarami ba ne. Kun ƙara littafi a kan namu, kun ƙara annabi. Mu Allahnmu ɗaya ne cikin uku, ku kun raba su. Fastonmu ya ce suna kawai muka haɗa, amma Yesunku daban, namu daban. A wurinmu ma babu aure a sama.

Ki bar min ƙanena inda yake. Ki gaida Rulon da yaransa.

Imogene

Ephraim
Yuni

Yaya Imogene,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Maganar Yesu ce ta fi yi min zafi. Wanda na kira sa'ad da numfashin Doyle ke sarƙewa, wanda aka gicciye ne ya tashi. Ban san wani ba. Amma ba zan ja da ke ba, ba ni da ilimin fastonku.

Kin san mu ba ma shan kofi. Duk da haka kowace safiya ni ke dafa masa, ban taɓa ɗanɗanawa ba. Yakan kurɓa ya ce, "Verla, wannan kofin tamkar hukuncin Allah ne." In ce, "To ka tuba mana." Haka muka yi zamanmu. Bai taɓa zagin addinina ba, ni ma ban taɓa kai shi bango ba.

Sau ɗaya na tambaye shi, a asibiti, da rana tsaka yana cin tuffa. Na ce, "Doyle, in ka riga ni, in sa a yi maka baftismar?" Ya daɗe yana tauna. Sai ya ce, "In na ce e, na ci amanar Imogene. In na ce a'a, kuka za ki yi, ni kuwa ba na iya kallo. Ki tambaye ta." Shi ya sa na rubuto.

Yaya, ba wuta nake ji masa tsoro ba. Na san mutumin kirki ne, kuma na Yesu ne. Tsorona in isa can, mu haɗu, ya ɗaga min hula ya gaishe ni kamar maƙwabciya.

Allah ya ƙara sauƙi.
Verla

Antlers
Agusta

Verla ƙanwata,

Ki yafe min shirun. Ina gaishe ki.

Matsoracin banza! Tun yana yaro haka yake, ya fasa tulu ya bar ni da bayani. Ya mutu ma bai daina ba. Na yi dariya har na yi kuka, ni kaɗai a kicin.

Maganar maƙwabciya ta hana ni sukuni. Tun da na binne mijina Clyde nake cewa babu aure a sama, kuma na gaskata, amma ban taɓa faɗa da daɗin baki ba.

Na je wurin Fasto. Na ce, "In sun yi, me zai sami Doyle?" Ya ce, "Ba komai, yana hannun Ubangiji. Ruwa ne kawai." Na ce, "To in ce mata na yarda?" Ya ce, "Kin yarda ɗin?" Na ce a'a. Ya ce, "To kada ki yi mata ƙarya."

Saboda haka ga gaskiya. Ban yarda yana bukata ba, kuma ba zan taɓa yarda ba. Amma ba ni na juya shi a gado ba, ba ni na share masa baki ba. Ba zan tsaya tsakaninki da mijinki ba. Tunda kin ce yana da damar ƙi, ku je ku ƙarata, ke da shi.

Yayarki, Imogene

Ephraim
Satumba

Yaya,

Na gode, Allah ya saka. An yi baftismar, Rulon ya shiga. Ɗaurin auren kuma an sa Asabar ta farko a Oktoba, a haikalin da ke garin Manti. Na ɗinka farar riga. Tsohuwa da ni, amma gabana faɗuwa yake yi kamar yarinya. In ya ƙi fa?

Verla

Antlers

Verla,

Doyle ne zai ƙi ki? Daina shirme.

Na sayi tikitin bas, ki turo Rulon ya tare ni a tashar Provo ran Alhamis. Na san ba za a bar ni in shiga haikalin ba tunda ni ba 'yar Momon ba ce, ko an bari ma ba na shiga. A nemo min kujera a ƙofa, in zauna in yi addu'ata irin tamu. Ba za ki fito daga ɗaurin aure ki tarar babu kowa daga dangin miji ba.

Sai na zo.
Imogene